Jar Riga da Hular Beyar a Zafin Yuni: Nazarin Faretin Dakarun Fadar Ingila na 2023

Ranar Asabar 10 ga Yuni 2023, rana ta buɗe a Landan irin buɗewar da mutanen garin ba su saba da ita ba. Zafi ya doshi digiri 30. Bakano ko Basakkwace zai ji wannan ya yi murmushi, amma a can babban labari ne. A filin Horse Guards, mai shimfiɗe da tsakuwa a tsakiyar birnin, dakarun fadar Sarkin Ingila sun fito gwajin fareti na ƙarshe kafin bikin ranar haihuwar Sarki Charles na Uku. Sojoji fiye da 1,400 ne, da dawakai wajen 200, da 'yan badujala ɗaruruwa. Yarima William, babban ɗan sarkin, shi ne ke duba faretin a kan doki, shi ma sanye da jar riga da doguwar baƙar hula irin tasu.

Ana cikin kiɗa sai wani mai busa turombon, wato dogon ƙahon nan na tagulla da ake ja ana turawa, ya yi luuu, ya yanke jiki ya zube a kan tsakuwa. Na damansa bai waiwaya ba, na hagunsa bai sauke ƙahonsa ba, kiɗa bai ko girgiza ba. Ma'aikatan jinya suka rugo da gadon ɗaukar marasa lafiya. Kafin su gama shiri mutumin ya yunƙura ya miƙe, ya mai da ƙaho bakinsa yana neman ci gaba da busa, sai da suka janye shi daga layi. Aƙalla sojoji uku ne suka suma a wannan safiya. Da aka tashi, Yarima William ya fitar da ɗan gajeren saƙo yana gode wa sojojin, yana cewa yanayin ya yi wuya amma sun yi aiki mai kyau.

Hoton bidiyon ya zaga duniya, kuma kusan kowa tambaya ɗaya ya yi: me ya sa ba za a cire musu wannan hula ba? Tambayar tana da kyau, sai dai amsarta ta fi yadda ake zato tsawo.

Wane fareti ne wannan

Turawa na kiransa Trooping the Colour, ma'ana zagayawa da tuta a gaban dakaru. Asalinsa daga fagen fama ne. A zamanin bindigar toka, hayaƙi kan turnuƙe fili har soja ya kasa gane nasa, don haka kowace runduna tana da tutarta, kuma akan bi layi-layi da ita a nuna wa sojoji don su san inda za su taru idan yaƙi ya rincaɓe. Rabon sojan Birtaniya da shiga yaƙi da tuta tun 1881 a Afirka ta Kudu, amma al'adar zagayawa da ita ta zauna. An fara haɗa ta da ranar haihuwar sarki a 1748, ta zama ta shekara-shekara bayan hawan George na Uku a 1760.

Abin dariya a nan shi ne ba a watan Yuni aka haifi Charles ba, ranar 14 ga Nuwamba aka haife shi. Mahaifiyarsa Elizabeth kuwa 21 ga Afrilu. An ajiye bikin a Yuni ne don a samu rana mai kyau, a tsere wa ruwa da sanyin Ingila. Wato da gangan aka zaɓi lokacin zafi, aka kuma sa wa mutane tufafin ulu.

Kafin ranar bikin ana gwaji biyu cikin cikakken ado. Na farko manjo-janar mai riƙe da dakarun fada ne ke dubawa, saura mako biyu. Na biyu, saura mako ɗaya, kanar na rundunar da za a zagaya da tutarta ne ke dubawa. A 2023 tutar rundunar Welsh Guards ce, kuma William ne kanar ɗinta na girmamawa tun Disamba 2022, muƙamin da mahaifinsa ya riƙe tun 1975. Wannan gwaji na biyu shi ne na 10 ga Yuni.

Rigar da ake karantawa kamar wasiƙa

Wanda ya hango su daga nesa zai ce duk ɗaya ne: jar riga ta mulufi, farin ɗamara, wando mai duhun shuɗi da jan layi a gefe, baƙin takalmi, doguwar hula. Amma rundunonin ƙasa na fadar biyar ne, kuma kowane soja yana ɗauke da sunan rundunarsa a jikinsa a wurare uku.

Na farko maɓallan gaban riga. Na Grenadier a jere suke ɗai-ɗai, tazara daidai. Na Coldstream bibbiyu. Na Scots uku-uku, na Irish huɗu-huɗu, na Welsh biyar-biyar. Lissafin yana bin matsayin kowace runduna a jerin girma. Na biyu tuntun da ke jikin hula: Grenadier fari a hagu, Coldstream ja a dama, Irish shuɗi a dama, Welsh fari da kore da fari a hagu, Scots kuwa ba su da tuntu sam. Na uku alamar wuyan riga. Grenadier gurneti mai harshen wuta, Coldstream tauraro, Scots furen wata ƙaya da ƙasarsu ta ɗauka alama, Irish ɗan ganye mai kunne uku, Welsh kuma wani ɗan uwan albasa mai dogon ganye. Eh, albasa. Bawelshe ba ya jin kunyarta, alamar ƙasarsa ce tun kaka da kakanni.

A cikin maɓallan nan akwai tsohuwar gaba da ba ta mutu ba. An kafa Coldstream a 1650, Grenadier a 1656, don haka a shekaru Coldstream ce yaya. To amma ita a rundunar Cromwell aka haife ta, wato rundunar da ta yaƙi sarauta, ba ta shiga hidimar sarki ba sai 1661, alhali Grenadier tun farko ta sarki ce, an kafa ta ne yana gudun hijira. Sai aka ba Grenadier matsayi na ɗaya, aka ba Coldstream na biyu da maɓalli bibbiyu. Ita kuwa takenta da Latin shi ne Nulli Secundus, ba ta bayan kowa, kuma idan an jeru gaba ɗaya gara ta tafi can ƙarshen layi da ta tsaya a matsayin ta biyu. Shekara fiye da 350 ke nan ana wannan jan zare. Irish ta zo a 1900, Welsh a 1915 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ita ce auta.

Mahaya dawakai ma haka. Life Guards jar riga da farin tuntu, Blues and Royals shuɗiyar riga da jan tuntu, dukansu da kwalkwali da sulken ƙirji mai walƙiya. Har igiyar kwalkwalin ta bambanta: na farko a ƙarƙashin leɓen ƙasa suke ɗaura ta, na biyu a ƙarƙashin haɓa. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ya rarrabe 'yan lifidi da 'yan sulke da dogarai ta kayan jikinsu tun ba a faɗa masa ba, ya san irin karatun da ake yi a nan.

Shi jan launin ba don ɓoye jini aka zaɓe shi ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Jini a kan jan ƙyalle baƙi yake fitowa. Rini ne mai araha a ƙarni na 17, kuma a zamanin hayaƙin bindiga amfanin soja ne a gan shi. Da bindigogi masu cin dogon zango suka zo, jar riga ta koma abin saiti. Yaƙin Ginnis a Sudan, a ƙarshen 1885, shi ake ɗauka a matsayin na ƙarshe da sojan Birtaniya ya shiga da jar riga. Abin da ya gaje ta kuwa mun san shi sarai: kaki. Kalmar daga Indiya ta taso, asalinta ƙura ko turɓaya, ta biyo Turawan mulki har ta zama tamu. Bayan 1914 yawancin rundunonin Birtaniya ba a sake raba musu jar rigar ado ba. Dakarun fada da 'yan badujala ne suka riƙe ta.

Hular

Tsawonta ya kai kusan santimita 45. Nauyinta bai cika kilo ɗaya ba, wanda ya fi yadda mai kallo ke zato sauƙi, domin cikinta fanko ne: ƙwarangwal na sanda mai lanƙwasuwa aka lulluɓe da fatar baƙin beyar na Kanada, wata babbar dabbar dajin sanyi mai kaurin gashi. Gashin gaban yana saukowa har kan idanu. Sarƙar tagullar da ke riƙe ta a ƙarƙashin leɓen ƙasa take zama, don haka wuya ne ke ɗaukar aikin daidaita ta. Ta hafsoshi ta fi ta ƙananan sojoji tsawo da sheƙi.

Tarihinta na komawa Waterloo, 1815. A ƙarshen yaƙin, dakarun fadar Ingila sun kora dakarun fadar Napoleon na Faransa, waɗanda suka yi suna da irin wannan hula. Aka ba rundunar da ke matsayi na ɗaya sunan Grenadier da izinin sa hular don tunawa, daga baya a 1831 aka faɗaɗa ta ga sauran dakarun fada. Da ita suka yi yaƙin Crimea a 1854. Amfaninta a da shi ne ta ƙara wa mutum tsawo da kwarjini, abokin gaba ya hango ƙattai suna tahowa ya karaya.

Yau rigimar da ke kanta ba ta zafi ba ce, ta dabba ce. Ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta daɗe tana matsa wa Ma'aikatar Tsaron Birtaniya lamba ta koma gashin roba, har ta haɗa kai da wani kamfani mai suna Ecopel aka yi samfuri. Takardar koke ta tara sa hannu fiye da 100,000, majalisar dokoki ta tattauna batun a 2022. Ma'aikatar ta ce fatun daga farautar da hukumomin Kanada suka halatta ake samo su, kuma gashin roban bai cika sharuɗɗanta ba, musamman yadda yake shan ruwa da yadda yake komawa siffarsa bayan ya jiƙe. Alƙaluman da aka fitar a 2024 sun nuna kuɗin hula ɗaya ya haura fam 2,000. Abin lura shi ne ko masu neman a sauya fatar ba su ce a rage tsawon hular ko a sake fasalinta ba. Kowa ya yarda siffar ta zauna.

Aikin da ba a gani

Kafin soja ya taka tsakuwar Horse Guards ya riga ya ɓatar da dare da yawa a bariki. Takalmin shi ne babban aiki. Fata ce mai kauri da ƙusoshi a tafin, su ne ke ba da ƙarar nan idan layi ya buga ƙafa lokaci ɗaya. Ana narka kakin zuma a shafe fatar don ta sandare, kada ta yi tsaga. Daga nan sai a ɗauki tsumma mai laushi a naɗe a yatsa, a ɗan jiƙa da ruwa, a lakato man takalmi ɗan kaɗan, a riƙa zagayawa a hankali, shafi bisa shafi, har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Awanni ake yi. Wani ya taka maka shi a layi kuma, aiki ya dawo sabo.

Ɗamarar ana farfaɗa mata fari, tagulla ana goge ta, hular ana taje ta kamar gashin amarya don ta kwanta gefe ɗaya. Kowace bataliya tana da telolinta, kuma rigar ana ɗinka ta ne ta kama jiki tsam, wuyanta a tsaye, an maƙale shi da ƙugiya. Ba wata kafa da iska za ta shiga. Sai bindiga mai nauyin kusan kilo biyar da banati a kanta. Kafin a fita daga barikin Wellington, saje da samanja sun bi kowa daga tuntu har tafin ƙafa, kuma ɗan zare da ya leƙo ko maɓallin da ya karkace ya isa a ci mutuncin mutum a gaban 'yan uwansa.

Tafiyar ma a aune take. Taku ɗaya inci 30 ne, kuma samanja na da wata sanda mai buɗewa kamar almakashi da yake auna shi da ita. Tafiyar sauri taku 116 a minti, ta a hankali 65. A tsawon faretin, hafsan da ke jagoranta yana ba da umarni har 113 da baki, ba lasifika. Duk wannan don abu ɗaya ne, a ga mutum dubu kamar mutum ɗaya. Shi ya sa na kusa da mai turombon ba su motsa ba. Ba rashin imani ba ne. An riga an ajiye masu jinya a gefen fili don wannan, kuma wanda ya bar wurinsa ya taimaki wani ya buɗe giɓi biyu maimakon ɗaya.

Kada kuma a ɗauka 'yan ado ne kawai. Wannan Welsh Guards ɗin ta rasa mutum 32 a rana ɗaya a yaƙin Falklands na 1982, lokacin da jiragen Ajantina suka kai wa jirgin ruwan Sir Galahad hari. A 2009 kwamandan bataliyarta, Laftanar Kanar Rupert Thorneloe, ya mutu a Afganistan da bam ɗin gefen hanya. Masu goge takalmin nan su ne suka je yaƙi a lardin Helmand na Afganistan.

Me ke kayar da soja

A ganina an ɗora wa hular laifin da ya fi nata. Babban mai laifi tsayuwa ce.

Jinin da ya sauka ƙafafu ba ya hawowa zuciya da kansa. Tsokar sha-raɓa ce ke matsa jijiyoyi tana turo shi sama duk lokacin da mutum ya taka. Idan aka ƙame wuri ɗaya, gwiwa a sandare, wannan famfo ya tsaya, jini ya fara taruwa a ƙasa. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata don jiki ya huce, wani jinin ya tafi can. Gumi na rage ruwan jiki. Sai a wayi gari abin da ke isa ƙwaƙwalwa bai wadatar ba: kunne ya fara ƙara, ido ya yi duhu daga gefe, ƙasa ta taso. Da mutum ya kwanta jini ya koma kai, shi ya sa mai turombon ya farfaɗo cikin ɗan lokaci har yana ganin zai iya ci gaba. Shi nasa ma da ƙari, domin busa ƙaho na matsa ƙirji, yana ƙara rage jinin da ke komawa zuciya. Duk wanda ya yi zaman sansanin masu yi wa ƙasa hidima ya ga irin haka a filin fareti, ba hular beyar ba jar riga.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta Satumba 2022. An ajiye gawar Sarauniya Elizabeth a zauren Westminster, tsohon gini na dutse, da dare, ba rana ba zafi. Ɗaya daga cikin masu gadin akwatin, ɗan rundunar maharba ta Scotland, ya yi tangaɗi ya faɗi ta fuska a gaban kyamara. Tsayuwa kaɗai ta kayar da shi.

To amma wannan bai wanke tufafin ba. Abin da suke yi shi ne cinye ɗan rarar da jiki ke da ita. Ulu mai kauri, wuya a maƙale, kai a rufe da gashi, tsakuwa tana mai do da zafi daga ƙasa, ga tsayuwar da ta doshi awa biyu ga wasu, masu jeruwa a bakin Mall, titin da ya taso daga fadar Buckingham, ma fiye da haka. A rana mai digiri 18 jiki zai jure. A digiri 30 wani zai faɗi, ko da an yi komai daidai.

Maganin da rundunar ke bayarwa duk a jikin soja yake ƙarewa: ka ci abincin safe, ka sha ruwa tun jiya, kada ka sha giya daren fareti, ka riƙa motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi, ka matse sha-raɓa ka saki, ka mai da nauyi daga dunduniya zuwa gaba yadda ba mai gani. Dabaru ne masu aiki. Akwai ma zancen da ake yi a barikin cewa in faɗuwa ta zama dole, to ka faɗi a ƙame, bindiga a hannu, kada ka durƙusa. Mai faɗi a haka da fuska yake sauka, kuma tsakuwa ba ta san haƙori ba. A nan ne ni nake ganin ado ya wuce gona da iri.

Dokar da ke lanƙwasawa idan ta ga dama

Masu kare al'adar sukan ce ba a taɓa kayan, haka aka gada. Tarihin kayan da kansa bai goyi bayansu ba.

Idan sanyi ya shigo a kaka, dakarun nan na rufe jar rigar da doguwar kwat mai ruwan toka, su yi ta sa ta har bazara. Ashe dai yanayi na sauya ado, in sanyi ne. Rundunar Birtaniya tana kuma da fararen kayan ado marasa nauyi da aka tanada don bukukuwa a ƙasashe masu zafi. Ko a nan Afirka ta Yamma, rundunar da ta samo tushe daga 'yan sandan Hausawa da wani hafsan Birtaniya mai suna Glover ya tara a Legas a 1863, wadda ta zama West African Frontier Force kuma daga cikinta sojan Najeriya da na Ghana suka fito, ba a sa mata ulu har wuya ba. Kayan faretinta gajeren wandon kaki ne, da 'yar jar shara buɗaɗɗiya mai bakin rawaya, da jan ɗamara, da jar dara. Turawan sun san zafi, sun kuma san yadda ake ɗinka masa kaya. Landan ce kawai ba a taɓa lissafa ta cikin garuruwan zafi ba.

Addini ma ya lanƙwasa dokar. A 2012 wani soja mabiyin addinin Sikh a rundunar Scots ya yi gadin fadar Buckingham da rawani a madadin hular beyar. A 2018 wani, Charanpreet Singh Lall na Coldstream, ya shiga wannan fareti na ranar haihuwa da baƙin rawani mai ɗauke da tauraron rundunarsa, tsakiyar ɗaruruwan dogayen huluna. Sama ba ta faɗo ba. A Maris 2024 rundunar ƙasa ta ɗage haramcin gemu da ya shekara fiye da ɗari, bayan sojan sama sun riga ta tun 2019, na ruwa kuwa dama suna da izini. Sharaɗin shi ne gemun ya zama cikakke, a gyare, kuma akwai mai dubawa. Ɗaya daga cikin dalilan a fili yake, matasa ba sa shiga soja yadda ake so, ba a son gemu ya ƙara korar su.

Ke nan kayan na sauyawa idan akwai mai matsa lamba: sanyi, addini, ƙarancin kurata, annoba ma, domin a 2020 da 2021 an rage faretin ƙwarai aka mai da shi fadar Windsor saboda korona. Suma ce ba ta da mai tsaya mata. Sojan da ya faɗi kunya yake ji, ba ƙorafi yake yi ba, kuma mai turombon da ya miƙe yana laluben ƙahonsa yabo ya sha a jaridu. Muddin faɗuwa na ƙara wa faretin suna maimakon ta rage, ba wanda zai zauna ya sake lissafi.

Lissafin kuwa yana sauyawa da kansa. A 19 ga Yuli 2022 Birtaniya ta ga digiri 40.3 a Coningsby, karo na farko da ta haye 40 a tarihin aune-aunenta. A wannan makon ne aka ɗauki hoton nan na ɗan sanda yana ɗura wa wani mai gadin Buckingham ruwa a baki, shi kuwa yana ƙame, hula a ka. Yunin 2023, watan da muke magana a kai, hukumar yanayin ƙasar ta ce ba a taɓa auna Yuni mai zafinsa ba kafin nan. Kayan da aka tsara don Ingilar 1831 yanzu a wata Ingilar ake sa su.

Ba sai an taɓa maɓalli ko tuntu ba kafin a rage faɗuwa. Ana iya matso da gwaje-gwajen zuwa sassafe, tunda ba sarki ne ke dubawa ba. Ana iya rage lokacin da ake shigo da dakaru fili su tsaya jira. Ana iya sauya shafin cikin rigar, wanda ido ba ya gani. Ranar bikin kanta ita ce mai wuya, domin ƙarfe 11 daidai sarki ke isowa fili, kuma igwa 41 da ake harbawa a Green Park da wucewar jiragen sama da ƙarfe 1 duk a kan wannan agogo aka ɗaura su.

Bayan mako guda

Ranar 17 ga Yuni aka yi bikin. Sarki Charles, yana da shekara 74, ya fito daga Buckingham a kan wata baƙar goɗiya mai suna Noble, kyautar 'yan sandan doki na Kanada. Rabon da a ga mai sarautar Ingila a kan doki a wannan fareti tun 1986, shekarar ƙarshe da mahaifiyarsa ta hau. Samanjan rundunar ya zare takobi, abin da ba ya yi a wani fareti sai wannan, ya karɓo tuta ya miƙa wa ƙaramin laftanar, aka bi layi da ita a tafiyar taku 65, sunayen yaƙoƙin rundunar a ɗinke a jikin alharininta. Jirage kusan 70 suka wuce ta saman fada, wasunsu suka jeru suka rubuta haruffan sunan sarautarsa, C da R.

Shi kansa Sarkin kayan Welsh Guards ya sa, tunda tutarsu ce a fili: jar riga ta ulu, maɓalli biyar-biyar, albasa a wuya, da hular beyar mai tuntu fari da kore da fari a gefen hagu.